Yadda Ake Duban Curin Taurari da Madubin Hangen Nesa, da Yadda Ake Ɗaukar Hotonsa

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai sama a daren hunturu ya san Kaza da 'Ya'yanta, 'yan taurarin nan da ke tafiya tare a wuri guda, waɗanda mai kaifin ido zai iya ƙirga shida ko bakwai daga cikinsu. Akwai wani irin taron taurari da ya fi wannan girma da tsufa nesa ba kusa ba, wanda taurarinsa suke cure da juna a dunƙule kamar curin fura, dubu ɗaruruwa ko ma miliyoyi a wuri ɗaya. Shi zan riƙa kira curin taurari a wannan rubutu. An san irinsa fiye da 150 a kewayen galaksi ɗinmu, wato babban garken taurarin da Rana take ciki, kuma yawancinsu sun haura shekara biliyan 10 da samuwa. Da su ne Harlow Shapley ya yi amfani a 1918 wajen nuna cewa Rana ba a tsakiyar wannan garke take ba, tana can gefe ne.

Aikin mai duba curin taurari, ko da ido ko da kyamara, guda ɗaya ne: ya warware wannan ɗan hayaƙi da ke bayyana a madubi har ya koma taurari ɗaya bayan ɗaya, tun daga gefe zuwa tsakiya. Duk shawarar da za ta biyo baya a kan wannan buri aka gina ta. Zan ɗauki curi biyu a matsayin misali, domin su ne suka fi dacewa da mai farawa, kuma domin mazauna Kano, Sakkwato, Zinder, Yamai da sauran garuruwan da ke kan layi ɗaya da su sun yi sa'ar da mutanen Ingila ko Jamus ba su yi ba, wato suna iya ganin dukansu biyun daga wuri guda.

Na farko shi ne M13, wanda ke cikin burujin Hakulis a sararin arewa. Edmond Halley ne ya gano shi a 1714, sannan Charles Messier ya sa shi a jerin sunayensa a 1764, daga nan ya samo lambarsa. Nisansa ya haura shekarar haske 22,000 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya cikin shekara ɗaya), faɗinsa kuma ya kai kimanin shekarar haske 145, kuma wajensa aka nufa da saƙon rediyon da aka aika daga tashar binciken sama ta Arecibo a 1974. Na biyu shi ne Omega Sentauri a sararin kudu, wanda ya fi kowane curi a galaksi ɗinmu girma da haske, yana ɗauke da taurari wajen miliyan 10 a nisan shekarar haske kimanin 17,000. Haskensa ya kai ga magabata sun ɗauke shi tauraro ne guda, shi ya sa Johann Bayer ya ba shi harafin Girka a 1603 kamar yadda ake ba taurari. Halley ne ya lura a 1677, yana tsibirin Sent Helena, cewa ba tauraro ba ne, kuma James Dunlop ya bayyana shi a matsayin dunƙulen taurari a 1826 daga Ostireliya. A sararin sama faɗinsa ya ɗan ɗara na cikakken wata. Daga Landan ba ya taɓa fitowa ko kaɗan, amma daga Kano yakan hau har kimanin digiri 30 sama da ƙasa.

Kafin maganar madubi, sai an zaɓi dare. Hasken wata yakan wanke raunanan taurarin gefen curi, saboda haka kwanan watan Musulunci shi ne jagora mafi sauƙi: daga wajen 22 ga wata zuwa 3 ko 4 ga wata mai kamawa, sama tana da duhu a farkon dare. Omega Sentauri yana kaiwa ƙololuwar hawansa wajen tsakar dare a tsakiyar Afrilu, da wajen ƙarfe 10 na dare a tsakiyar Mayu. Wannan ya faɗo tsakanin janyewar hazo da kankamar damina, kuma a ganina babu lokacin da ya fi shi. Ana iya ganinsa a Fabrairu kafin asuba, sai dai ƙurar hunturu takan yi kauri a ƙasa-ƙasan sama, daidai inda yake. Shi kuwa M13 lokacinsa Yuni zuwa Agusta ne, tsakiyar damina, inda gajimare ke yawan hana aiki. Amma daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, idan hadari ya yaye, iska takan fita tas babu ƙura, kuma irin wannan dare bai kamata a bar shi ya wuce ba.

Wurin tsayawa ya zama nesa da fitilun titi da hasken shaguna, kuma don Omega Sentauri dole kudu ta zama fili, babu gini ko dogayen bishiyoyi, babu kuma wani gari mai haske a can gaba. Idan wurin baƙo ne a gare ka, ka sanar da mai unguwa ko masu gadin wurin tun da rana abin da ya kawo ka, ka sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, ka kuma tanadi maganin sauro idan damina ce. Madubin kansa a fito da shi waje akalla rabin sa'a kafin a fara, domin zafinsa ya daidaita da na iskar waje. Madubin da aka ciro daga ɗaki mai zafi yakan sa taurari su riƙa rawa suna kumbura, kuma babu yadda za a warware curi a haka.

Nemo waɗannan curi biyu ba shi da wuya idan an bi taurari masu haske. A arewa akwai taurari bakwai masu siffar ludayi. Idan ka bi lanƙwasar mariƙin ludayin ka zarce, za ka iske tauraro mai haske mai launin ruwan lemo, Akturus, wanda masana falaki na Larabawa ke kira Simakur Ramih. Ka ci gaba da bin wannan lanƙwasa zuwa kudu, za ka iske wani fari mai ɗan shuɗi, Sifaika, wato Simakul A'azal. Omega Sentauri yana ƙarƙashin Sifaika kai tsaye ta kudu da kimanin digiri 36, kuma su biyun suna kaiwa ƙololuwa kusan lokaci guda. Idan ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya kai digiri 10, saboda haka dunƙule uku da rabi za ka auna daga Sifaika zuwa ƙasa. A wuri mai duhu ido ma kaɗai zai nuna maka shi kamar tauraron da aka shafa wa yatsa. Don M13 kuwa, ka ja layi daga Akturus zuwa Bega, farin tauraro mai tsananin haske a arewa maso gabas. Kusa da Bega, wajen sulusin tazarar, akwai taurari huɗu da suka yi siffar murabba'i mai faɗi ta sama da tsukewa ta ƙasa. M13 yana kan gefen yamma na wannan murabba'i, sulusin hanya daga tauraron arewa zuwa na kudu. Manhajar Stellarium, wadda ake samu a kwamfuta da waya, za ta nuna maka duk wannan daidai da garinka da sa'arka, sai dai ka mayar da fuskar wayar ja, ka rage haskenta.

Dalilin jan haske shi ne ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallo ɗaya ga farar tocila ko fuskar waya yana rushe wannan. Jan kyalle ko jar leda da aka ɗaura a bakin tocila sun wadatar.

Da tabaran hangen nesa mai ido biyu, irin mai lamba 10x50, M13 zai fito kamar ɗan ƙwallon auduga tsakanin wasu taurari biyu masu matsakaicin haske, Omega Sentauri kuma kamar babban tabo mai haske, amma ba za ka ga tauraro ko ɗaya a cikinsu ba. Abin da ke raba taurari shi ne faɗin bakin madubi, domin shi ke tattara haske, kuma mafi hasken taurarin M13 sun fi raunin abin da ido ke iya gani sau ɗari da ɗoriya. Madubi mai baki milimita 100 yakan fara nuna ɗigo-ɗigo a gefe. Mai milimita 150 zuwa 200 shi ne inda abin ke canjawa gaba ɗaya. Shi ya sa nake ba mai son duba da ido shawarar madubi samfurin Dobson mai baki milimita 200, wanda ake turawa da hannu, domin kusan duk kuɗinsa a kan girman madubin suka tafi. Sai dai a duba cewa madubansa biyu na ciki suna fuskantar juna daidai kafin kowane dare, musamman idan an ɗauko shi a mota kan hanya mai gargada.

Ƙarfin girmamawa ana samunsa ne ta raba tsawon fokas na madubi, wato tazarar da haske ke bi kafin ya taru wuri ɗaya, da na ƙaramin gilashin da ake sa ido. Madubi mai tsawon fokas milimita 1,200 da gilashin ido na milimita 25 yana girmama abu sau 48, da na milimita 10 kuma sau 120. Ka fara da ƙaramin ƙarfi don nemo curin ka sa shi a tsakiya, sannan ka sauya zuwa babba. A nan ne masu farawa da yawa ke kuskure, suna tsayawa a ƙaramin ƙarfi saboda hoton ya fi haske. Ƙarin girmamawa yana duhunta bayan sama, ya kuma buɗe tazara tsakanin taurari, su kuwa taurarin, da yake ɗigo ne, haskensu ba ya raguwa sosai. M13 yana son sau 120 zuwa 200 idan iska ta natsu. Omega Sentauri saboda girmansa ya fi kyau a sau 60 zuwa 100, domin idan aka wuce haka yakan cika fili har a rasa gefensa.

Fokas a daidaita shi a kan wani tauraro da ke kusa, har sai ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, domin curin kansa ba shi da kaifin da za a auna da shi. Daga nan sai dabarar da ta fi kowace muhimmanci, wato kallo da gefen ido. Tsakiyar ido an yi ta ne don hasken rana da launi, sassan da ke jin raunin haske kuma suna gefe. Ka sa curin a tsakiyar fili, ka kai dubanka ɗan gefe kaɗan, hankalinka yana kan curin. Daren da na fara yin haka da M13 a madubi mai milimita 200, abin da nake gani kamar garin alli sai ya fashe ya zama ƙwayoyi kamar an watsa gero a kan baƙin mayafi, da na mayar da ido kansa kai tsaye sai suka ɓace, da na kauda suka dawo. Ka zauna a kujera, domin wanda ke tsaye a sunkuye jikinsa na rawa, kuma ka ba shi akalla minti 15. Iska takan natsu na daƙiƙa biyu ko uku ne kawai a tsakanin rawarta, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙu ake ganin jerin taurarin da ke miƙewa daga M13 kamar ƙafafun gizo-gizo, da wasu siraran layuka uku masu duhu da suka haɗu a gefen tsakiyarsa. A Omega Sentauri kuma za ka lura cewa ba zagayayye ba ne sosai, ya ɗan baje kamar ƙwai, kuma tsakiyarsa ba ta matse kamar ta M13 ba. A Dobson curin zai tsallake fili cikin minti biyu ko ƙasa da haka a sau 120, sai ka riƙa ɗan tura madubin a hankali.

Ɗaukar hoto aiki ne dabam, kuma abin da ya fi komai muhimmanci a cikinsa shi ne mazaunin da madubi ke hawa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, saboda haka idan kyamara ta buɗe ido na daƙiƙa 30 a kan madubin da ba ya motsi, kowane tauraro zai zama zare. Ana buƙatar mazauni mai mota wanda ke bin juyawar sama, kuma sandarsa dole ta fuskanci ƙusar sama ta arewa, wato wurin da taurari ke kewayawa, wanda tauraron arewa ke nunawa. A nan akwai wata matsala ta wurinmu: tsayin tauraron arewa daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu, wato kimanin digiri 12 a Kano, kuma ƙasa da digiri 6 a Akara. A wannan tsayi gini ko ƙura sukan rufe shi, wasu mazaunan ma ba sa sauka ƙasa haka sai an yi musu gyara, saboda haka a duba wannan kafin a saya. Idan ba a ganin tauraron, manhajoji irin su N.I.N.A. suna iya daidaita sandar ta hanyar ɗaukar hotuna uku a wani ɓangare na sama, su gaya maka inda za ka murɗa.

Don hoto ba a buƙatar babban madubi. Mai baki milimita 80 da tsawon fokas 500 zuwa 600 ya isa ga Omega Sentauri, domin da kyamara mai matsakaicin firikwensi, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, zai ɗauki fili kimanin digiri 2 da digiri 1 da rabi, wanda ya bar wa curin sarari a kewayensa. M13 da yake ƙarami ne ya fi son milimita 800 zuwa 1,200. Ana cire gilashin gaban kyamara a ɗaura ta a bayan madubi da zoben da ake kira T. Wanda ba shi da mazauni mai mota zai iya gwada Omega Sentauri da gilashin kyamara na milimita 135 ko 200 a kan ƙafa uku, yana ɗaukar hotuna na daƙiƙa 1 zuwa 2 har ɗari biyu ko uku. Akwai kuma ƙananan na'urori masu yin komai da kansu ta waya, irin su Seestar S50, waɗanda ke ba da hoto mai kyau ga mai farawa, ko da yake ba za su raba tsakiyar curi kamar babban madubi ba.

Fokas a hoton curi ba ya yafiya, domin hoton gaba ɗayansa ɗigo ne, kuma idan ɗigon ya kumbura sai taurari su narke cikin juna. A yi amfani da murfin Bahtinov, wani faifai mai tsage-tsage da ake ɗorawa a bakin madubi, wanda ke sa tauraro mai haske ya fitar da layuka uku. Idan layin tsakiya ya zauna daidai tsakanin sauran biyun, fokas ya yi. A cire murfin kafin a fara ɗauka, kuma a sake dubawa bayan kowace sa'a. Na taɓa yin asarar fiye da rabin aikin dare guda a watan Afrilu saboda na daidaita fokas da ƙarfe 9 iska na da zafi, zuwa ƙarfe 1 ta yi sanyi, bututun ya ɗan tsuke, kuma ban gane ba sai da safe da na buɗe hotunan a kwamfuta na ga taurari sun zama ƙananan zobba.

A sa kyamara ta adana hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ba a yi wa gyara ba, a sa ISO, wato ma'aunin jin haske na kyamara, wajen 800, kuma kowane hoto ya ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 60. Dogon ɗauka na minti 5 da ake yi wa hazon iskar gas na sararin samaniya ba ya amfani a nan, domin tsakiyar curi tana da haske ƙwarai, idan ta ƙone ta zama fara fat babu manhajar da za ta dawo da ita. Ka ɗauki hoto ɗaya na gwaji, ka girmama tsakiyar a fuskar kyamara, idan ba ka iya rarrabe taurari a ciki ka rage lokacin. Hoto 60 zuwa 120 sun isa, tare da wasu 30 na daƙiƙa 10 don tsakiya kaɗai. Kada a sa matacin haske mai tsukakken launi, domin taurari suna fitar da dukan launuka, matacin zai rage haskensu ya kuma ɓata launinsu. Omega Sentauri a ɗauke shi cikin sa'a guda kafin ƙololuwarsa da sa'a guda bayanta, tun da ko a mafi tsayinsa haskensa yana ratsa iska ninki biyu na wadda yake ratsawa da a ce yana saman kai.

Kafin a naɗe kaya akwai hotunan gyara. A rufe bakin madubi a ɗauki hotuna 20 zuwa 30 da lokaci da ISO iri ɗaya da na aikin, a wurin, a cikin zafin daren, domin firikwensin kyamara yana yin ƙazantar ɗigo-ɗigo da ke ƙaruwa da zafi, kuma daren bazara a ƙasar Hausa yana da zafin da zai sa wannan ya fito fili. Sannan ba tare da taɓa fokas ko juya kyamara ba, a lulluɓe bakin madubi da farar riga mai tsabta, a haska ta da haske mai daidaito ko a jira wayewar gari, a ɗauki wasu 20 gajeru. Waɗannan su ke goge duhun kusurwoyi da inuwar ƙura, wadda ba ta rasuwa a kayan da suka sha iskar hunturu. Idan an jira asuba, a kawar da madubin daga gabas, domin duban Rana ta madubi yana makantarwa nan take, yana kuma ƙona kyamara.

A kwamfuta, Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda duka kyauta ne, za su jera hotunan su haɗa su wuri ɗaya. Kafin haɗawa ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ka zubar da duk wanda taurarinsa suka ja zare ko gajimare ya ratsa, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, domin hoto mara kyau yana dusashe masu kyau. Bayan haɗawa a cire bambancin hasken bayan sama, a daidaita launi, sannan a ɗaga haske a hankali, mataki-mataki, ido yana kan tsakiyar curin. Da zarar ta fara zama farin tabo an wuce gona da iri, sai a koma baya ko a shigo da gajerun hotunan nan na daƙiƙa 10. Kayan aikin da ke rage girman taurari ko cire su daga hoto a bar su gaba ɗaya, kuma a taƙaita ƙara kaifi don kada baƙaƙen zobba su kewaye taurari. Idan launi ya daidaita za ka ga abin da ido bai nuna maka ba: manyan taurari masu ruwan lemo da suka tsufa suka kumbura, gauraye da wasu masu shuɗi da suka wuce wannan mataki suna ƙona iskar hiliyam a cikinsu. A hoton M13 ka duba wajen rabin digiri ta arewa maso gabas, za ka ga wani ɗan tabo mai tsawo, NGC 6207, wanda galaksi ne mai zaman kansa a nisan miliyoyin shekarun haske. Fitowarsa a sarari alama ce cewa fokas da bin sama sun yi daidai.

Ka rubuta kwanan wata, sa'a, yanayin sama, gilashin idon da ka yi amfani da shi da tsawon ɗauka a littafi guda, domin da shi za ka san abin da za ka canja a dare na gaba. Idan M13 da Omega Sentauri sun zauna a hannunka, damina tana kawo wasu: M4 yana kusa da Antaris, jan tauraron da ke zuciyar burujin Kunama, da tazarar digiri 1 da ɗan ɗoriya ta yamma, M22 kuma, wanda Abraham Ihle ya gano tun 1665, yana cikin burujin Kausu gabas da shi. Dukansu suna hawa sama da digiri 50 daga Kano, kuma taurarinsu ba su matse sosai ba, saboda haka madubi mai milimita 100 ma yana fara warware su.